Jitar bes ƙirar da a hunturun Sakkwato: kowa ya faɗi yadda tasa ta yi

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum. An kawo mini jitar bes ta hannu daga Legas, ƙirar Precision irin ta da, amma yin baya-bayan nan ce. Wuyanta da kauri, fikof (abin da ke ɗaukar sautin wayoyi) ɗaya tsage biyu, ga murfin ƙarfe a kan gadar da wayoyi suka hau, kuma ba ta cin batir. Sautin ya kwanta mini. Abin da ya tsaye mini a rai, na duba wajen kai ban ga ramin sa alanki a gyara wuya ba, mai ita kuwa ya ce irinta haka take. Ban biya ba tukuna, ga shi hunturu ya kama. Waɗanda suka riƙe irinta a garin nan, me kuka gani?

Tsohon Ɗan Banda

Wa alaikumus salam. Gaskiya yag gaya maka, ƙanena. Rodin, wato sandar ƙarhen da ke daidaita lanƙwasar wuya, na nan cikin wuya, sai dai kan nashi na ƙasa, inda wuya da jiki sunka haɗu, kuma sukundireba shika so, ba alanki ba. Haka kamfanin Fender yay yi ta tun 1951 da sunka hitar da Precision, masu kwaikwayon ƙirar da kau sunka kwaso har da wagga wahala.

In za ka gyara, sai ka sassauta wayoyi, ka sassauta sukurori huɗun da ke baya, ka ɗan ɗaga wuyan har kan rodin ya bayyana, ka murɗa kwata ɗaya kurum, ka maida komi, ka ja wayoyi, ka bar ta ta kwana. Da sahe in ba ta yi ba ka sake. A garin da iska ke da laima duk shekara mutum na daɗewa bai taɓa ba. Mu nan kau, hunturu na shiga tawa wayoyinta na tashi sama har yatsa ya gaji, damina na sauka su kwanta bisa ƙarahen da anka jera a wuya suna zizza. Ko wane sauyin yanayi sai an kwance. Duk da haka ni ban canza ta, don in taf faɗi ƙasa, tashi takan yi ta ci gaba da aiki.

Mai Gyara, Runjin Sambo

Baba ya gama magana a kan rodi. Ni abin da aka fi kawo mini daga Disamba zuwa Fabrairu shi ne bakin ƙarafan wuya. Katako yana tsukewa in ya bushe, ƙarfe ba ya tsukewa, sai ka ji gefen wuyan yana kartar tafin hannu. Ba lalacewa ba ce. A goge bakin da ƙaramin magagari lokacin da hunturu ya fi tsanani, in an yi sau ɗaya da kyau ba a cika komawa ba. In fuskar wuyan baƙin katako ne marar fenti, a ɗan shafa masa man da aka yi don haka, ɗigo kaɗan a tsumma. In farin nan ne mai sheƙi, an riga an rufe shi da fenti, mai ba ya shiga.

Ta wajen wuta kuwa, a nan tsohuwar ƙirar ta ci tuta. Buɗe ta ka gani: bolum biyu masu lamba 250k (ɗaya na ƙara, ɗaya na launin sauti), kafasita ɗaya, sai ramin sa waya. Ƙura ta shiga bolum yana ƙarar-ƙarar, a fesa masa mai wanke shi ko a canza, kowane mai gyaran rediyo da dalmarsa zai yi maka. Masu batir mai bolt 9, waɗanda suka yaɗu bayan fitowar jitar bes ta Music Man StingRay a 1976, suna da daɗi, amma ka manta waya a jikinsu ta kwana batir yana zuƙewa, in kuma allon cikin ya ƙone sai an aika nesa.

'Yar Zuru Mai Bes

Sannunku. Ni a coci nake kaɗawa, tawa ƙirar Jazz ce, wadda ta fara fitowa a 1960. Ɗan'uwa, ka riƙe wuyan da kyau kafin ka biya. Tsawon wayoyin duka ɗaya ne, inci 34, amma faɗin wuya wajen kai ya bambanta: Jazz inci ɗaya da rabi, tsohuwar Precision kuwa ta kai inci ɗaya da kwata uku. A takarda ba wani abu ba ne, a hannu kuwa da yawa. Hannuna ƙarami ne, na gwada irin taka ranar wata hidima mai tsawo, kafin a tashi babban yatsana ya ƙage.

Amma akwai inda taka ta fi tawa. Fikof ɗina biyu ne, kowane da bolum ɗinsa. In aka ɗauke wuta aka tada janareto, na rage ɗaya na bar ɗaya, sai sifika ta kama ruri kamar an taɓo gidan zuma. Sai na buɗe su duka biyu daidai sannan ta yi shiru. Naka mai tsage biyun nan, tun 1957 aka yi shi don ɓangare ɗaya ya kashe ƙugin ɗayan. Oga Mai Gyara, tambaya: me ya sa in na ɗora hannu a kan wayoyi ƙarar take raguwa?

Mai Gyara, Runjin Sambo

Anti, wannan alama ce mai kyau. Akwai siririyar waya a ƙarƙashin gada da ta haɗa wayoyinki da at, wato layin da ke kai wuta ƙasa, tana aiki ke nan. Abin da ya rage a liƙa takardar jan ƙarfe a cikin ramin da kayan wutar suke. Da wayar ta tsinke, taɓawa ba za ta rage komai ba. Amma ki kula da wannan: in kin taɓa jin wuta ta ɗan ja ki a leɓe kina riƙe da jita kika kusanci makirfo, ki ajiye nan take. Laifin amfilifaya ne ko soket marar at, kuma yana kisa.

Sitidiyo Arkilla

Mu yawancin waƙoƙinmu da fiyano ake buga bes ɗinsu, kowa ya sani. Amma in mawaƙi ya ce yana son a kaɗa jitar bes da hannu, mai tsohuwar ƙira nake ɗaukowa, da wayoyi masu santsi. Su ne na asali. Masu kaushin nan da suka cika kasuwa sai wajen 1966 kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa su. Masu santsi ba su da ƙyal-ƙyal, sautinsu dunƙulalle ne, yana zama a ƙasa ya bar wa kalangu da murya fili. James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin waƙa na Motown a Amurka, da irinsu ya yi aikinsa a kan Precision, kuma an san shi da rashin canza waya sai ta tsinke. A garin ƙura wannan riba ce, don ba su da tsagin da ƙura da zufa za su maƙale. Matsalarsu tsada, kuma ni dai daga Legas nake sa a kawo mini.

Murfin kan gada kuwa, leƙa ƙarƙashinsa. A na da akwai soso a manne da ke danne wayoyi don sauti ya mutu da wuri. Ni na cire murfin don yana tare mini hannu, na yanko soson katifa na cusa a ƙarƙashin wayoyi dab da gada. Aiki ɗaya ne. Ka adana murfin da sukurorinsa saboda ranar sayarwa.

Direban Illela

Ni ba gwani ba ne, ina dai ɗaukar makaɗa da kayansu zuwa Ƙonni da Tawa. Na ga wadda aka bari a but da rana a watan Afrilu, aka buɗe fentinta ya yi zane-zanen tsagewa, wuyan ya karkace. Tun ranar jita a gaba take zama in ni ke tuƙi. Sannan kada sunan da ke rubuce a kai ya ruɗe ka, a kayan gwanjo akwai mai liƙe.

Tsohon Ɗan Banda

Wancan hentin na da ne mai laushi, shi ad da tsagewa, har robar abin jingine jita na cin shi. Masu arha na yanzu henti mai tauri anka yi musu, ba su damu ba. Wuya dai shi ba ya yahe ma zahi.

Ɗan Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, saura abu biyu. Akwai wani ɗan guntun baƙin abu da aka ɗaure da sukurori a ƙasan siririyar waya, ban ga amfaninsa ba. Kuma kunnuwanta in na murɗa yadda na saba sai waya ta saki maimakon ta ɗaure.

Tsohon Ɗan Banda

Kunnuwan lahiya lau suke, na da haka sunka zo a juye, hannu na sabawa. Guntun kau wurin maƙale yatsu ne, don tun hwarko an zaci da babban yatsa za a riƙa kaɗawa. Da mutane sunka koma kaɗi da yatsu biyu, cikin shekarun 1970 anka maida shi sama ga babbar waya, ya zama wurin aje babban yatsa.

Mai Gyara, Runjin Sambo

Kafin ka miƙa kuɗi ka yi wannan a gaban mai ita. Danne babbar waya a ƙarfe na farko da na ƙarshe, wani ya duba tsakiya wajen na takwas: ratar kada ta wuce kaurin katin waya. Sannan a kwance wuyan a gwada rodin, ya motsa dama ya motsa hagu. In ya ƙi, ko kan sukurun ya cinye, kada a tilasta masa, ka mayar masa da abarsa. In ba ka da sukundireba mai faɗin baki ka kawo ta shago bayan la'asar.