Tsiron Atriplex mai jure fari da gishiri: zai iya maye mana gurbin harawa?

Mai kiwo daga Hotoro:
Assalamu alaikum. Ina da raguna 12 da na turke a bayan gida domin Babbar Sallah, kuma muna da wani fegi na gado wajen Kura wanda shekara uku ke nan, da zarar ruwan ban-ruwa ya janye, sai wani farin ɓawo ya fito a kan kunyoyi kamar an barbaɗa gari, tumatir kuwa ya daina yin kirki a wurin. Wani ƙanena da ya yi karatu a Tunisiya ya ce a can ana dasa wani ɗan itace mai suna Atriplex a irin wannan ƙasa, tumaki suna cin ganyensa. Shin zai iya maye mini gurbin harawa, wadda ke ƙara tsada idan bazara ta yi nisa?

Tsohon malamin gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai faɗi ƙarya ba. Tsiron dangin alayyafo ne, nau'o'insa sun haura 200, amma biyu aka fi dasawa domin dabbobi: halimus na Arewacin Afirka da gaɓar Bahar Rum, da nummularia wanda asalinsa Ostireliya ne, yake kai tsawon mita 2 zuwa 3. A jikin ganyen akwai wasu ƙananan jakunkuna da ido ba ya rarrabe su, inda tsiron ke tara gishirin da saiwarsa ta zuƙo. Idan sun cika sai su fashe, shi ya sa ganyen yake fari-fari kamar an yayyafa masa toka, kuma wanda ya tauna shi zai ji gishiri a harshensa.

Sai dai batun maye gurbin harawa, a ganina, a ajiye shi gefe. Ganyen yana da sinadarin gina jiki sosai, amma abin da ke sa ƙiba kaɗan ne a cikinsa, gishirin kuma yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen ganye. Ragon da aka bari da shi kaɗai zai rayu, amma ba zai yi kitsen da mai layya yake laluba a gindin wutsiya ba. Dole a haɗa da dusa ko kowa (ɓawon wake) ko karmami.

Hajiya daga Gwammaja:
Ɗana, ni abin da na fi dubawa ruwan sha ne. Duk wanda ya taɓa jiƙa wa tumaki kanwa ya san yadda suke kewaye bokiti bayan haka. Dabbar da ke cin ganye mai gishiri kullum, shan ruwanta ƙaruwa yake yi ƙwarai, mu kuwa a unguwarmu daga 'yan garuwa muke saye. Ka lissafa kuɗin jarka kafin ka yi murnar rage kuɗin harawa.

Ɗalibin nazarin ƙasar noma:
Baba malamin gona ya gama magana a kan ciyarwa, ni kan dashe zan ƙara. Wuraren da nummularia ya karɓu, irin su Tunisiya da Maroko, ruwan samansu kaɗan ne kuma a lokacin sanyi yake sauka, alhali Kano tana samun nata a tare tsakanin Yuni da Satumba, da zafi da laima. Saboda haka kada a cika fegin da shi tashin farko. Kunya biyu sun isa gwaji, a inda ruwa ba ya kwanciya. Irin kuma ba a watsa shi kamar gero, domin ɓawonsa yana ɗauke da gishirin da ke hana shi tsira da wuri. Ana jiƙa shi ana sauya ruwan, a rene shi a leda, sannan a dasa.

Kafin duk wannan, Malam, ka ɗebi ƙasar wurin ka kai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero ka nemi shawara a kan auna ta, domin idan magudanar fegin ce ta toshe, yashe ta zai fi sauƙi a kan neman iri daga waje.

Mai kiwo daga Hotoro:
Na gode muku duka. Magudanar kuwa rabon da a yashe ta tun mahaifinmu yana da rai. Ranar Asabar zan je da fartanya da leda in ɗebo ƙasar.