Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Kashles" Wajen Sallamar Alƙalan Wasa?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata kalma da take yi mini kai-kawo a rai tun lokacin annobar korona, kuma ina roƙon malamanmu na harshe su taya ni mu tsayar mata da suna guda, wato abin da ma'aikatan banki suke kira "kashles", biyan kuɗi ba tare da an miƙa takardun naira hannu da hannu ba.

Maganar daga filin ƙwallo ta taso. Bayan an sassauta dokar kullen da aka sanya wa Kano a watan Afrilun 2020, wasannin unguwanni suka fara farfaɗowa, sai mu masu shirya gasa muka zauna a kan yadda za a riƙa sallamar alƙalan wasa. A da, da zarar an busa usur na tashi, ma'aji zai zaro kuɗi daga aljihu, ya lashi yatsa ya ƙirga, ya danƙa wa alƙali da mataimakansa biyu a gefen fili. Wannan lasar yatsa ita ce ta fara tayar wa mutane da hankali a lokacin da ake ta jan kunne a kan wanke hannu. Muka amince a koma tura wa kowa haƙƙinsa, amma da aka zo rubuta hakan da Hausa a takardar dokokin gasa, sai alƙalami ya tsaya.

Wani dattijo a cikinmu ya ce a rubuta "ba lakadan ba". Na ce masa, Baba, a gafarce ni, kishiyar lakadan ai ita ce ajalan. Ɗan kasuwar da ya tura kuɗi nan take a Kantin Kwari kafin a ɗaure masa dila, lakadan ya biya, ko da bai taɓa takardar naira ko ɗaya ba. Idan muka rubuta haka, alƙali zai fahimci cewa bashi za a ci shi, kuma alƙalan unguwa sun gaji da jin "sai gobe".

Matasa suka ce a bar "tiransifa", tunda ita ce a bakin kowa. Ba ni da ja da ita, sai dai hanya ɗaya kawai take nufi, ba ta haɗa da sa kati a na'urar POS ba. Kafafen yaɗa labarai kuwa "tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi" suke cewa, tun da Babban Bankin Najeriya ya soma shi a Legas a 2012 ya kuma iso Kano a 2013, amma wannan sunan manufar gwamnati ne, kuma ya yi wa bakin fili tsawo.

Abin da nake ganin ya dace shi ne "biya ta asusu", kishiyarsa kuma "biya da tsaba". Hausa ta fi son ta kira abu da hanyar da ya bi, kuma jimlar tana zama daram a baki: "Alƙali, da tsaba kake so ko ta asusu?" Na san za a ce asusu asalinsa ɗan tulun nan ne na ƙasa da yara ke tara kwabbai a ciki su fasa da salla, amma kalmar ta daɗe da shiga banki, babu wanda take rikitawa yau. Ko alƙalin da ba shi da asusun kansa, wanda yake ba da lambar mai POS ya je ya karɓa bayan an cire caji, ta asusu kuɗinsa suka bi, duk da cewa a ƙarshe hannunsa ya taɓa takardun da ake gudu.

Amfanin kalmomin biyu ya bayyana gare ni wata ranar da na ga wani mataimakin alƙali tsaye a bakin titi wajen Ƙofar Mata, ana kiran sallar magariba, rigarsa jiƙe da gumi, tutarsa a hammata, yana ta duba waya yana jiran alat, sabis ya ɗauke, ga shi ba shi da ko na adaidaita sahu. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. A zama na gaba muka gyara dokar ta koma haka: ladan alƙalanci ta asusu, kuɗin mota da tsaba.

Malamaina na Sakkwato, Katsina da Damagaram, idan kunnenku ya ji wata ma'ana dabam a "ta asusu", ina roƙon ku faɗa mini kafin mu sake buga takardar gasar bana.