Ana haɗa takaba da ban dariya a fim?

Mai shirya fim, Sabon Gari: Salamu alaikum. Ga labarin da muke son ɗauka bayan salla. Wani mai safarar wake da aya daga Maraɗi zuwa Katsina ya rasu a hatsarin mota wajen Ɗan Isa. Ranar sadakar uku sai ga wata mata da goyo daga Jibiya, da shaidunta: ashe matarsa ce, uwargida ba ta da labari. Suka zauna takaba gida ɗaya. Direban marigayin shi kaɗai ya san sirrin, kuma zuciyarsa tana wurin uwargida. Rabi kuka, rabi dariya. Babana ya ce ba a haɗa takaba da dariya, cin fuskar mamaci ne. Mi kuka gani?

Mushe na Ali Ɗan Sofo: Baba ya yi gaskiya, ƙanena. Fim shiga yake kowane gida, har gidan da aka yi rashi jiya. Ka tuna da matar da za ta buɗe waya cikin zafin mutuwar miji ta tarar ana ƙyaƙyata halin da take ciki. Ku zaɓi ɗaya, ko tausayi ko barkwanci.

Bagobirin Tibiri: Mushe, kamar ba ka taɓa zuwa gidan mutuwar tsohuwa ba! Jikoki ba su ke sa kayanta suna kwaikwayon tafiyarta, suna tare mutane sai an ba su kuɗinsu? Wa ya taɓa ce musu cin fuska ne?

Mushe na Ali Ɗan Sofo: Tsohuwa mai shekara 90 daban, magidancin da mota ta kashe ya bar ƙananan ƴaƴa daban.

Ɗan Dosso: Ni dai in za a kashe wani a fim ɗin, a sa Bagobiri ne, kowa ya huta.

Bagobirin Tibiri: Ji bawana! To ga shaida ta kawo kanta. Wannan wasan na tsakaninmu da Zabarmawa har wurin gaisuwar mutuwa ana yin sa, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar.

Hajiya mai atamfa: Ku maza kuna ta magana a kan ɗakin da ba ku taɓa kwana ciki ba. Ni na yi takaba. Kwanakin farko gida cike, ba ka da lokacin kuka ma, sai amsa gaisuwa. Wahalar tana farawa ne bayan sadakar arba'in, sa'ad da aka naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, zane biyu nake juyawa. Gwaggon maigidan ta ba ni wata ƴar wuƙa wai in riƙa riƙewa ko bayan gida za ni. Wata rana ƙanwata ta shigo ta same ni ina yanka albasa da ita, gwaggo na salati. Muka yi dariya har hawaye, kuma daga nan na fara iya cin tuwo. Don haka ɗana, sa dariyarka. Amma ka lura da wanda ake yi wa. Gwaggo mai camfi, a yi mata. Abokan da suka san da auren suka yi gum, a yi musu. Ƴan uwan miji masu ƙirga buhunan wake tun ba a share makoki ba, su ma. Matan nan biyu kuwa kar ka mai da su kaji masu faɗa a kan tsaba, don shi ne abin da kuka saba.

Ɗiyar Bagalam: Wallahi Hajiya kin gama magana. Ni abin da ya fi ci mini rai ma direban ne. Shekara nawa yana kai maigida Jibiya, ya dawo ya ci abincin uwargida bakinsa ƙanin ƙafarsa, yanzu kuma shi ne masoyi?

Mai shirya fim, Sabon Gari: Yaya, amana aka ba shi ai.

Ɗiyar Bagalam: Amanar maigida. Ita fa?

Malam na Limanci: Bari in sa baki. Dariya a kanta ba ita ce damuwata ba, soyayyar ce. Takaba wata 4 ce da kwana 10, Suratul Baƙara aya ta 234. Aya ta 235 ta yarda namiji ya yi shaguɓe, kamar ya ce irinki ba ta rasa miji, amma ta hana ƙulla alkawari a ɓoye, ta hana ɗaura aure sai idda ta cika. A Malikiyya wanda ya aure ta cikin idda har ya tare da ita, ta haramta gare shi har abada. To in direbanka zai yi zance da waƙa a zaure tana cikin takaba, kun koya wa mutane ɓarna. Sannan gado: ana fara biyan bashi, kuma tunda akwai ƴaƴa, tumuni ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, matan biyu za su raba, ba kowa da nata ba. Goyon nan ma yana da rabonsa cikakke.

Mai shirya fim, Sabon Gari: Allah gafarta Malam, waƙa ɗaya ce tak, kuma a mafarki yake yin ta.

Malam na Limanci: Mafarkin da za a ɗauka da kamara, a sa mata jan baki?

Hajiya mai atamfa: Malam, nan ina bayanka. Kuma ko ba don hukunci ba, shirun ya fi daɗin kallo. Ya kawo buhun gero ya aje ƙofar gida ya tafi, ya gyara famfo, ya kai yara lakwal, bai ce komai ba. Mata za su gane tun kafin ita ta gane.

Mushe na Ali Ɗan Sofo: Har yanzu ban sauka ba. Hajiya ta yi dariya da ƙanwarta cikin ɗakinta, ba a gaban duniya ba. Kuma na san ƴan wasanmu, da sun ji ana dariya sai su zarce.

Ɗiyar Bagalam: Ni kuma sharaɗina, ya faɗa mata da bakinsa cewa ya sani, kafin ta ji a bakin ta Jibiya. In ta kore shi, ta kore shi. Kar ku ɗaura musu aure don kawai fim ya ƙare.

Mai shirya fim, Sabon Gari: Waƙar na cire. Auren kuwa sai na yi shawara da mai zuba kuɗi, shi biki yake so a ƙarshe. Hajiya, in na turo yaro za ki ara mana atamfa biyu marasa ado?

Hajiya mai atamfa: Aro? Turmi jika tara ne, ɗana. Turo shi da kuɗi.