Tambaya: yadda ake haɗa 'yar jakar sulalla da zif zalla

Maman Ihsan: Assalamu alaikum masu ɗinki. Ina so in haɗa ƙaramar jaka ta zuba sulalla da makulli, irin wadda jikinta duka zif ne jere da juna kala-kala, da ɗan mariƙi na zurawa a hannu. Zif guda nawa zan saya, kuma wane iri? Sannan yaya ake bi ta kan haƙoran ba tare da allura ta karye ba? Keken gida gare ni, ba na masana'anta ba.

Anti Tela: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki nemi zif na nailan mai siririn haƙori, wanda in kika duba da kyau za ki ga a naɗe yake kamar waya. Shi kaɗai allura ke ratsawa. Na ƙarfe da na roba mai manyan haƙora ɗai-ɗai, ki ajiye su gefe, ba na wannan aikin ba ne.

Zif mai girma lamba 3 ya fi dacewa. Faɗinsa kusan inci 1 ne, in kika ɗora gefen ɗaya a kan na ɗaya da kwata inci, kowane zif zai ba ki kwata uku na inci. Guda 8 ke nan inci 6, in aka naɗe ya zama jaka mai tsayin inci 3. Ki sayi masu tsawon inci 9 ko 10 ko da faɗin inci 5 kike so, don ƙarfen da ke tare ƙarshen zif ya faɗa waje da layin ɗinki.

Ki sa ƙafar ɗinkin zif, allura lamba 14, zaren poliyesta, tazarar ɗinki milimita 3. Ki haɗa su biyu-biyu, sannan huɗu-huɗu, sannan duka takwas ɗin. In kika kai kusa da kan zif, wato abin da ake ja a zuge shi, ki tsaya allura tana ƙasa, ki ɗaga ƙafar keke, ki ja kan ya wuce, ki ci gaba. Ɗinki na ƙarshe, wanda zai haɗa na takwas da na farko, shi ne mai wuya. Ki zuge zif ɗin da kika zaɓa ya zama bakin jaka har ƙarshe, aikin zai shimfiɗe ki samu wurin bi.

Daga nan ki juya ta baibai, ki ja layi biyu da alli, tsakaninsu inci 5, ki ɗinke. Kafin ki taka keke, ki tabbatar kan zif ɗin bakin yana tsakanin layukan biyu kuma a buɗe yake rabi. In ya rage a waje, almakashi zai tafi da shi. In kuma a rufe yake, babu ta inda za ki juyo da jakar.

Malam Mai Jakunkuna: Bayanin Anti ya yi. Ni dai zan tsaya a kan ɗinkin gefe, don a nan ake asarar allura. Nailan ɗin ma yana karya ta in haƙori ya hau kan haƙori. Idan kika kwantar da jakar yadda lanƙwasar ta faɗa daidai tsakiyar zif, haƙoran gaba za su zauna daidai kan na baya. Ki ɗan murza ta da yatsa har haƙoran gaba su faɗa tsakanin na baya, sannan ki kama. Wannan murzawar kuma tana sauko da bakin jakar ƙasa da lanƙwasa kaɗan, ya fi daɗin zugewa.

Da kin zo kan haƙori, ki ɗage ƙafarki daga keke ki juya da hannu, ɗinki ɗaya-ɗaya. Kada ki ja aikin ta baya, jan ne ke lanƙwasa allura ta daki farantin ƙasa. In allura 14 tana tsallake ɗinki, ki koma 16. Ki bi layin sau biyu, ki yanke rarar ki bar rabin inci, sannan ki ɗan gifta wutar ashana a bakin yankan don kada ya warware. Giftawa kawai, in ya daɗe zai dunƙule ya yi tauri yana sukar yatsa. Wanda ya fi tsafta shi ne ki rufe bakin da bayas, wato siririn ƙyallen da ake naɗe bakin yadi da shi.

Ɓangaren zif ɗin baki da ke a buɗe, ki fara ɗaure haƙoransa biyu da zare da hannu. In ba haka ba za su ware lokacin ɗinki, a samu ɗan rami a kusurwa, nan ne ƙananan sulalla ke zurarewa.

Maman Ihsan: Na gode ƙwarai. To sauran kawunan guda bakwai fa, a bar su? Ni su ne suka ba ni sha'awa.

Anti Tela: Ni ban ba da shawarar barin su ba. Duk cikin jaka ɗaya suke buɗewa, in na ƙasa ya zuge komai ya zube. Ki tura su can ƙarshe wajen layin alli, a yanke da su. Haƙoran za su zauna a rufe tunda an ɗinke su ta gefe biyu. Kawunan ki adana su, suna amfani wajen gyaran wani zif mai lamba ɗaya.

Hajiya Ƴar Ɗinki: Ana iya barin su Malama, sai dai a yi musu dabara. Ko ki ɗaure bayan kowane kai da zare mai kauri sau biyar ko shida ya kasa motsi, ko ki sa shafi. Na fi son shafin, domin sulalla suna goga haƙora ta ciki, kuma ƙura tana maƙalewa. Ki yanka yadi marar nauyi daidai girman aikin da rarar rabin inci, ki kalmashe bakinsa, ki kama shi da hannu a gefe biyu na zif ɗin baki, nesa kaɗan da haƙora don kada kai ya ci shi. Amma in za ki bar kawunan, ki raba su, wasu dama wasu hagu. In suka taru gefe ɗaya jakar tana karkacewa, ƙafar keke ma ba za ta samu wurin wucewa ba.

Mariƙi kuwa: yadi mai faɗin inci 2, tsawon inci 13 zuwa 14, ki ninka gida huɗu ya koma rabin inci, ki ɗinke gefe biyu. Ki yanki inci 2 daga irinsa ki zura a ƙaramin zobe mai siffar D, ki ninka, ki cusa tsakanin gaba da baya kafin ɗinkin gefe, zoben yana kallon ciki. Ki sa shi a kan ƙyallen zif, kada ya hau haƙora, kauri zai yi yawa.

In kika ga aikin yana tattarewa bayan kin jera, jan zif ɗin sama kike yi yayin ɗinki. Ki bar keke ya ja da kansa, kuma ki riƙa sauya gefen da kike farawa a kowane layi. Guga kuma da wuta kaɗan, ki shimfiɗa ƙyalle a kai, domin nailan yana narkewa.