Ƙarfin Tsofaffin Ɗalibai a Zaɓen Jami'a

Shawara ga mai zaɓen jami'a ita ce kada ya ruɗu da jerin manyan sunayen tsofaffin ɗalibanta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta yaye gwamnoni da ministoci, har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma hakan bai sa kowane ɗan aji uku yana da wanda zai ɗaga masa waya ba.

Sashen da za ka shiga shi ne abin aunawa. Buɗe shafin jami'ar a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, ka tace tsofaffin ɗalibai da kwas ɗinka, ka ga inda waɗanda suka gama cikin shekara 5 da suka wuce suke aiki. Su ne masu sanin inda gurbi ya buɗe. Babban darakta da wuya ya karanta saƙonka. Sai ka tambayi 'yan ajin ƙarshe wa ya samo musu wurin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa yi a ma'aikatu. In duk amsar "kawuna" ce, to ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ta liyafar shekara ce kawai.

Duba kuma ko tana da reshe a garin da kake son aiki, domin ƙarfinta a Kano ba lallai ya kai Legas ba.

Kafin cike fom ɗin JAMB, tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kwas ɗin, in na injiniya ne kuma a duba amincewar COREN, hukumar kula da aikin injiniya. In babu wannan, rajistar sana'a za ta gagara ko da wa ka sani.