Neman shawara: Callaway, TaylorMade ko Ping, wanne ya dace da sabon shiga?

Mai tambaya, daga Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum manyanmu. Na fara koyon golf da sandunan aro, yanzu ina son in mallaki nawa. Kowane kamfani tallarsa ɗaya ce, wai sandar bana ta fi ta bara kai ƙwallo nesa. Wani mai kawo kaya ya turo mini hoton cikakken saitin TaylorMade sabo a leda, kuɗinsa bai kai rabin na kanti ba. Wani kuma yana da Ping na hannu. Tsayina matsakaici ne, da dama nake bugu, kuma ƙwallona yawanci dama take karkata. Ina zan sa kuɗina?

Alhaji, daga GRA:
Wa alaikumus salam. Malam, fara cire maganar nisa daga ranka. R&A da USGA, masu tsara dokar wasan, sun riga sun ɗaure kamfanonin: girman kan direba (doguwar sandar bugun farko) ba ya wuce cc 460, tsallen da fuskarsa ke ba ƙwallo ma an yi masa iyaka. Tun da Callaway ta fito da direbanta Big Bertha a 1991 ake tseren girman kai, amma an daɗe da kai wa bango. Direban da ya shekara biyar da na bana, a hannun mai koyo, ba za ka ga bambancin da ya kai kuɗin ba.

A ayon (sandunan ƙarfe masu lamba) kuwa dabarar ta fi fitowa fili. Lamba 7 ta da, kwanciyar fuskarta digiri 34 ko 35 ce. Yanzu za ka ga lamba 7 mai digiri 28 ko 29, wato kusan lamba 5 ko 6 ce ta da aka sake wa lamba. Dole ta fi nisa, tunda kowane digiri huɗu yana ƙara yadi goma zuwa goma sha biyu. Illar tana ɓullowa a gajerun sanduna: wejin saitin (sandar ɗaga ƙwallo sama daga kusa) sai ya zama digiri 43, na yashi kuma 56, tsakaninsu babu komai, sai ka sake sayen wata sanda mai digiri 48 ko 50 don cike gurbin. Ka tambayi digiri, kar ka tsaya kan lambar da ke jiki.

Malam, daga Daura:
Ranka ya daɗe ka gama magana a kan talla. Ni saitin ledar nan ne ya tsaya mini. Araha irin wannan a sabon kaya, kusan kullum jabu ne. Kafin ka biya ko sisi, a kawo shi hannunka ka duba.

Ɗora maganaɗisu a tsakiyar fuskar direban. Na gaske taitaniyom ne, wasu sababbin kuma kabon, duka ba sa kama maganaɗisu. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa fenti. Amma kar ka yi wannan gwajin a ayon ko ƙananan wud (ƙannen direba), domin yawancinsu dama da ƙarfe ake yi. Duba lambar kaya da ke wuyan sanda, ka tura wa kamfanin ko dillalinsa su tabbatar, don masu jabu ma suna buga lamba. Shinshina robar riƙo, ta jabu tana warin sabuwar taya. Sannan jera ayon ɗin a bango: kowace ta fi ta kusa da ita tsawo da rabin inci. In ka ga tazarar ba ta tafiya daidai, mayar masa da kayansa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To Ping ɗin fa, me zan duba?

Injiniya, daga Ƙofar Marusa:
Ɗigon kala da ke jikin kowace ayon. Da shi Ping ke nuna yadda sandar ke zama a ƙasa. Baƙi na matsakaicin mutum ne, shuɗi da kore sun fi miƙewa, na dogaye, ja da ruwan lemo sun fi kwanciya. Mai bugu da dama in ya ɗauki wadda ta kwanta fiye da ƙima, ƙwallo dama za ta ƙara tafiya, ga shi dama can matsalarka ke nan. Gwajin ba wuya: manna tef a ƙasan sandar, buga ƙwallo biyar a kan faifan roba mai tauri, ka ga inda tef ɗin ya goge. Tsakiya ake so.

Sai ƙota, wadda ita ce masu talla ba sa magana a kai. Duba harafin da ke jikinta. R ta dace da yawancin masu koyo, S ta mai saurin bugu ce. Mutanenmu suna son S don kar a ce ba su da ƙarfi, alhali in ƙota ta fi ƙarfinka ƙwallo ba ta tashi sama sosai. Direba kuma ka nemi digiri 10.5 ko 12, ka bar 9.

Doka ta yarda da sanda 14, amma kai takwas sun ishe ka: direba, haibirid (tsakanin wud da ayon) ɗaya, ayon 6 zuwa 9, weji da fota (ta gangara ƙwallo cikin rami).

Alhaji, daga GRA:
Injiniya, ban yarda da weji ɗaya ba. A ƙara na yashi, su zama tara. Kuma a lura da ƙasarmu. Wejin da ake tallatawa mai tudu a gindinsa na digiri 12 ko 14 an yi shi ne don ciyawa mai laushi da yashi mai zurfi. A busasshiyar ƙasar rani irin tamu, tudun yana dukan ƙasa ya yi tsalle, bakin sanda ya sari cikin ƙwallo ta wuce da gudu. Digiri 6 zuwa 8 ya fi. Ƙwallo ma kar ya sayi Pro V1 yanzu, fatarta mai laushi ce, tsakuwa na cinye ta. Mai sassa biyu (ciki da fata) irin ta Srixon ko Wilson ta fi juriya da sauƙin kuɗi.

Malam, daga Daura:
Haka ne yallaɓai. In ka ɗauki Ping ɗin, riƙe wuyan kowace sanda ka murɗa kan. In ya motsa ko ka ji ƙara, gam ya saki, kuma yawanci zafin but ɗin mota ne ke jawo hakan, musamman daga Maris zuwa Mayu. Gyaransa gam mai haɗi biyu ne mai jinkirin bushewa, a bar shi awa 24. Robar riƙo in ta yi santsi a canza duka, da tef mai manne fuska biyu, a ba ta kwana ɗaya kafin bugu. Lokacin hunturu kuma a riƙa wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ƙura ce ke sa ta sulɓi. Ka sa kuɗin robar cikin ciniki, ka ce ya rage maka. Turo hoton ɗigon da harafin ƙotar mu gani kafin ka biya.