Tambaya kan Sabiya: 'yan kishin ƙasa ne a titi ko 'yan farar hula?

Dan_Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah mai sanin tarihin Sabiya ya warware min wani abu. Jiya a fadarmu muna shan shayi wani ya nuna mana bidiyon zanga-zangar ɗaliban Belgrade, babban birnin Sabiya, mutane kamar ƙasa, amma kusan kowa tutar Sabiya ce a hannunsa, ban ga ta Tarayyar Turai ba. To ni abinda na sani ai kishin ƙasar ne ya jefa su yaƙin Bosniya da Kosobo, yaya kuma masu neman canji za su ɗauki tuta guda da gwamnatin da suke faɗa da ita?

Mushe_Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sai an koma baya kaɗan. Tsohon shugabansu Slobodan Milosevic da kishin ƙabilar Sabiyawa ya hau mulki, a 1989 ya tara jama'a a filin Kosobo don cika shekara 600 da yaƙin da suka yi da Turkawa a 1389, daga nan Yugoslabiya ta fara tsagewa, sai yaƙi, sai kisan garin Srebrenica na Bosniya a 1995 inda aka hallaka musulmi maza wajen 8,000, sai ruwan bama-baman ƙawancen sojan OTAN (NATO) a kansu na kwana 78 a 1999. Amma ko a lokacin akwai masu cewa a'a, akwai matan nan masu sa baƙaƙen kaya suna tsayuwa a titi tun 1991, akwai rediyon B92, sannan ɗalibai suka kafa ƙungiyar adawa ta Otpor a 1998. Da Milosevic ya sha kaye a zaɓen Satumba 2000 ya ƙi yarda, mahaƙan kwal na Kolubara suka tafi yajin aiki, ranar 5 ga Oktoba jama'a suka shiga majalisa, shikenan ya faɗi. Abinda nake so ka lura da shi, wanda ya gaje shi Kostunica shi ma ɗan kishin ƙasa ne sosai. Mutum aka cire, tunanin yana nan. Firaminista Djindjic da ya miƙa Milosevic kotun laifukan yaƙi ta duniya da ke Hague a 2001 harbe shi aka yi a Maris 2003. Kuma shugaban ƙasa Vucic ɗin da ke mulki yau, ministan watsa labaran Milosevic ne daga 1998 zuwa 2000.

Sabon_Gari_227:
Mushe gaskiya ka faɗa amma ka bar wani abu, Otpor ɗin nan kuɗin Amurka sun shiga cikinta da horo da komai, ba ɓoyayyen abu bane. Ni wallahi shi yasa in naji kalmar farar hula sai na tambaya wa ke biya.

Yar_Damagaram:
Yaya Sabon Gari haka ne an ba Otpor kuɗi, amma kuɗi kaɗai baya sa mahaƙin kwal ya ajiye aikinsa alhali yana da iyali. Kuma na yanzu daban ne, ranar 1 ga Nuwamba 2024 rumfar siminti ta tashar jirgin ƙasa a Novi Sad ta rufto kan mutane, 16 suka rasu, tashar da ba a daɗe da gyarawa ba, ɗalibai suka ce a fito da takardun kwangilar a hukunta masu hannu, suka rufe jami'o'i, suna tare titi suna tsayawa shiru minti 15 daga baya 16, minti ɗaya don kowane mamaci. Basu da shugaba guda, a taro suke yanke komai da ƙuri'a, har jam'iyyun adawa suka ƙi bari su hau musu dandali. Firaminista Vucevic ya sauka a Janairu 2025. Maganar tuta kuwa, kullum gwamnati ce musu take 'yan amshin shatan Turawa, su kuma da tutar suke cewa ƙasar tamu ce muma. Abinda ya fi taɓa min zuciya ɗaliban Novi Pazar, garin musulmi, sun shiga tafiyar tare da kiristoci, a ƙasar da ta ga abinda ta gani a shekarun 1990.

Mushe_Zango:
Madalla 'yata. Sai dai kar mu ɗauka an gama, da yawa cikin ɗaliban nan in ka taɓo Kosobo da ta ayyana 'yanci a 2008 bakinsu ɗaya da gwamnati, kuma batun Srebrenica har yau ba kowa ke son a tada shi ba. Mu da muka ga zanga-zangar ɗalibai ta 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai da taron ƙasa na Nijar na 1991 mun san ɗalibai na iya buɗe ƙofa, wanda zai shiga ɗakin wani zance ne daban.

Dan_Birni:
Na gode Mushe, na gode 'yar uwa. Yau da dare zan kai zancen fada, amma har yanzu ina son wani ya min bayanin yadda Vucic ya baro jam'iyyar Seselj mai tsananin kishin ƙasa a 2008 har ya koma mai neman shiga Tarayyar Turai.